Abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwar Mama, da dalilin jinkirin magani

Wata 'yar'uwa ta rubuto cewa mahaifiyarta, mai shekara 71, ta fara da manta inda ta ajiye abu shekara huɗu da suka wuce, yanzu har takan dubi jikarta ta tambayi 'yar wane ce. Likita ya ce cutar Alzheimer ce, ya rubuta musu maganin donefezil, ya kuma gaya musu ba ya warkarwa. Tana so ta san ainihin abin da ke faruwa a kan mahaifiyarta, da dalilin da ya sa duk binciken da ake yi ba a samo magani ba, da gaskiyar sabuwar allurar da ta ji ana magana, sannan ko ita ma za ta gada.

'Yar'uwa, Allah ya ba Mama sauƙi, ku kuma ya ba ku juriya da ladan jinya. Tambayarki ta faɗo a kan abin da nake yi kullum, don aikina shi ne binciken sinadaran furotin da ke kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Likitanku gaskiya ya gaya muku. Sai dai an san abu mai yawa game da wannan cuta, kuma abin da aka sani ɗin shi zai nuna miki inda gizo ke saƙar.

A shekarar 1901 aka kai wata mata mai suna Auguste Deter, 'yar shekara 51, asibitin masu taɓin hankali na birnin Frankfurt a Jamus. Tana mantuwa, tana ruɗewa, tana zargin mijinta ba gaira ba dalili. Likitan da ya duba ta, Alois Alzheimer, ya ce ta rubuta sunanta. Ta fara, ta kasa ƙarasawa, ta ce masa ji take kamar ta ɓace wa kanta. Da ta rasu a 1906 ya yanka ƙwaƙwalwarta siriri-siriri, ya rina, ya duba a madubin ƙara girma. Abu biyu ya gani: wasu dunƙule-dunƙule kamar tabo a tsakanin ƙwayoyin jijiya, da wasu zarurruka da suka cukurkuɗe a cikin ƙwayoyin kansu. Har yau su biyun nan ne shaidar cutar. Amma sai da aka yi kusan shekara 80 kafin a san da me aka yi su. A 1984 George Glenner da Caine Wong suka ware furotin ɗin tabon, wanda muke kira amiloyid. A 1986 aka tabbatar cewa zarurrukan na wani furotin ne mai suna tau.

To, mene ne furotin, har zai yi wannan ɓarna? Doguwar sarƙa ce da jiki ke haɗawa daga ƙananan sinadarai iri 20. Ana gama haɗa ta sai ta naɗe kanta ta ɗauki wata siffa, kuma siffar ita ce aikinta, kamar yadda tsinin makulli shi ne aikinsa. Idan naɗin ya kuskure, furotin ya zama shara, wani lokaci ma shara mai danƙo da ke manne wa 'yan'uwanta. Wannan kuskure kullum yana faruwa a jikin kowa, kuma kowace ƙwayar halitta tana da masu shara da ke niƙe abin da ya lalace. Binciken yadda suke aikin nan shi ya sa aka ba Yoshinori Ohsumi na Japan kyautar Nobel a 2016. Matsalar ƙwaƙwalwa ita ce ƙwayoyinta ba sa sabuntawa. Ƙwayar fata 'yan makonni take yi a maye gurbinta, sharar da ta tara ta tafi da ita. Ƙwayoyin jijiya kuwa, kimanin biliyan 86 da ke kan mutum, mafi yawansu da su aka haife shi, da su zai koma. Waɗanda ke kan Mama shekararsu 71 suna aiki ba hutu. Idan masu shara suka fara gajiya, babu inda dattin zai je. Shi ya sa tsufa ya fi komai jawo waɗannan cututtuka, ko da yake tsufa kansa ba cuta ba ne, kuma tsofaffi da yawa suna rasuwa da hankalinsu garau.

Amiloyid guntu ne da ake yankowa daga wani babban furotin mai suna APP. Wasu sinadarai biyu, tamkar almakashi, su ke yanka shi. Yawanci guntun da ke fitowa gaɓa 40 gare shi. Wani lokaci almakashi na biyu ya kan zarce kaɗan ya fitar da mai gaɓa 42, kuma waɗannan gaɓoɓi biyu kacal su ke sa shi danƙo.

Mutane kan tambaye ni, ta yaya kuka san amiloyid ne mai laifi, ba toka ba ce da aka tarar bayan wuta ta ci? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta daga ƙwayoyin gado ta fito. Ƙwayar gadon APP tana kan kuromosom na 21, wato ɗaya daga cikin ƙunsunan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado. Masu larurar Down suna da kwafi uku na wannan kuromosom maimakon biyu, suna ƙera amiloyid fiye da kima tun suna yara, kuma kusan dukkansu kafin su wuce shekara 40 tabon ya riga ya bayyana a ƙwaƙwalwarsu. A 1991 ƙungiyar John Hardy da Alison Goate a Landan ta gano canjin harafi ɗaya a APP cikin wani iyali da cutar ke kama su da wuri. A 1995 aka gano wasu canje-canjen a ƙwayoyin gadon firesenilin, ashe su ne bakin almakashin na biyu. Sai a 2012 aka samu kishiyar wannan a ƙasar Aisland: wani canji a APP da ke rage ƙera amiloyid da kusan kashi 40 cikin ɗari, kuma masu ɗauke da shi ba kasafai cutar ke kama su ba. Abin da ke ƙara shi yana gaggauta cuta, abin da ke rage shi yana karewa. Ni dai wannan hujja ta gamsar da ni.

Amma labarin bai ƙare a nan ba. Idan aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu shekara 80 da hankalinsu ke daidai, kusan ɗaya cikin uku za a tarar da amiloyid jibge. Abin da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da mantuwa shi ne tau. Aikin tau na asali shi ne riƙe ƙananan bututun da ƙwayar jijiya ke jigilar kaya a kansu daga tushe zuwa ƙarshen reshe. Idan ya lalace sai ya saki bututun, ya haɗu da 'yan'uwansa su zama zare. A 1991 Heiko Braak da matarsa Eva Braak, bayan sun duba ƙwaƙwale masu yawa, suka nuna cewa tau ba ya watsuwa barkatai. Yana farawa ne daga wani ɗan yanki a can ciki daura da kunne, ya shiga sashen da ke ajiye sabon abin da mutum ya gani ko ya ji, daga nan ya bi hanyoyin jijiya zuwa sassan magana, da gane fuska, da tsara al'amura. Wannan shi ne bayanin abin da kuke gani a gida. Mama za ta iya ba ki labarin ƙuruciyarta tiryan-tiryan, amma ta kasa tuna ko ta sha magani da safe, saboda wurin da ke rubuta sabon abu shi ya fara lalacewa, tsohon rubutu kuwa yana ajiye a wasu wuraren da cutar ba ta kai ba tukuna.

Akwai wata mata da labarinta ya fi littattafai da yawa koya mana. A yankin Antiyokiya na ƙasar Kolombiya akwai dangi guda mai mutum dubbai da ke gadon canji a firesenilin. Marigayi Dakta Francisco Lopera ya shafe rayuwarsa yana bibiyarsu. Wanda ya gaji canjin, wajen shekara 44 yake fara mantuwa, kafin 50 ya ruɗe. A 2019 aka ba da rahoton wata mata daga cikinsu da ta gaji canjin, amma ta haura shekara 70 kafin a ga wata 'yar alama a tare da ita. Da aka ɗauki hoton kanta, amiloyid ya cika shi maƙil, har fiye da na 'yan'uwanta marasa lafiya. Tau ɗinta kuwa ɗan kaɗan ne. Ashe ta gaji kwafi biyu na wani nau'in ƙwayar gadon APOE mai wuyar samu, wanda bisa dukkan alamu ya katse hanyar da ke tsakanin amiloyid da tau. Yadda nake fahimtar abin, amiloyid shi ke tsaga bango, tau shi ne ƙadangaren da ke shiga. A wurin wannan baiwar Allah bango ya tsage, amma aka toshe kafar shekara kusan talatin.

Yadda lalataccen furotin ke yaɗuwa shi ne ɓangaren da na fi sani, don a kansa nake aiki. A 1982 Stanley Prusiner ya fito da wata magana da masana da yawa suka ƙi yarda da ita: cewa furotin tsurarsa, ba ƙwayar cuta ba, zai iya yaɗa cuta ta hanyar tilasta wa lafiyayyen ɗan'uwansa ya naɗe irin nasa naɗin. Lokaci ya gaskata shi a kan cututtuka irin haukan shanu, aka ba shi Nobel a 1997. Daga baya aka fara zargin cewa tau, da amiloyid, da furotin alfa-sinukilin na cutar Parkinson mai sa karkarwa da sandarewar jiki, duk haka suke yi a cikin ƙwaƙwalwa guda. A 2008 aka duba ƙwaƙwalen wasu masu Parkinson da aka taɓa dasa musu sababbin ƙwayoyin jijiya fiye da shekara goma kafin rasuwarsu. Sai ga dunƙulen cutar a cikin ƙwayoyin da aka dasa, waɗanda ba nasu ba ne, kuma ƙanana ne ƙwarai a shekaru. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Ina ganin wannan da idona a ɗakin gwaji. Muna da wani faranti mai ƙananan ramuka 96. A kowane rami mukan zuba lafiyayyen furotin da muka ƙera, mu ƙara wani rini da ba ya walƙiya sai ya manne wa dunƙule, sannan mu ɗiga ɗan ruwan laka da aka ɗebo daga bayan mutum. Na'ura ta riƙa girgiza farantin, ta huta, ta sake girgizawa, dare da rana. Idan na zo na duba allon kwamfuta, layin mai lafiya yana nan kwance kamar ba a taɓa shi ba. Na marar lafiya kuwa sai ya daɗe a kwance, can ya miƙe tsaye. 'Yan ƙwayoyin lalataccen furotin da ido ba ya gani sun juyar da duk abin da ke ramin. Ranar da na fara ganin haka na daɗe a zaune ina kallo, don abin da ke ɗaukar shekaru a kan mutum ne nake gani cikin 'yan kwanaki. A 2023 wani babban bincike ya nuna cewa wannan gwaji yana gano kimanin kashi 88 cikin ɗari na masu Parkinson. Kada wannan ya tsorata ki: ba a ɗaukar Alzheimer ko Parkinson ta zama tare, ko taɓawa, ko jinya. Ku rungumi Mama yadda kuke so.

Tun daga 2017, Michel Goedert da Sjors Scheres a Kambirij suka fara ɗaukar hoton zarurrukan tau har zuwa matakin ƙwayar zarra, ta hanyar daskarar da su cikin tsananin sanyi. Suka tarar da cewa tau ɗin Alzheimer naɗinsa daban, na wata cutar ƙwaƙwalwa mai suna Pick daban, na 'yan wasan da suka sha duka a kai shi ma daban. Furotin ɗaya, kowace cuta da irin naɗinta. Mai ƙera magani yanzu ya san siffar abin da yake farauta.

Cutar Parkinson za ta taimaka miki ki gane donefezil. A tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wani wuri da idan aka yanka ake ganin baƙin layi biyu, hagu da dama, kamar an ja kwalli. Ƙwayoyin da ke ƙera dofamin ne, sinadarin aika saƙo da ke daidaita motsin jiki. Idan aka ajiye na mai lafiya kusa da na mai Parkinson ba sai an ɗauko madubi ba, na biyun ya koɗe fes. Arvid Carlsson na Suwidin ya nuna a 1957 cewa lebodofa, sinadarin da jiki ke mayarwa dofamin, na tayar da dabbobin da aka sa suka sandare, George Cotzias kuma a 1967 ya gano yadda za a ba mutane shi. Mutanen da suka yi shekaru a kujera suka miƙe suka yi tafiya. Har yau babu maganin da ya kai shi a wannan cuta. Amma cike gurbin dofamin yake yi, ƙwayoyin kuwa suna ci gaba da mutuwa. Donefezil, wanda ya fito a 1996, dabararsu ɗaya. A Alzheimer wani sinadarin aika saƙo mai suna asetilkolin yana raguwa, shi kuma maganin yana hana jiki saurin niƙe ɗan abin da ya rage. Yakan ɗan ƙara natsuwa da kula na wani lokaci, kuma hakan ba ƙaramin abu ba ne ga mai jinya. Kada ku dakatar da shi ba tare da likita ba. Idan yana sa ta amai, ko gudawa, ko jiri da faɗuwa, ku gaya masa, don maganin yakan rage bugun zuciya.

Me ya sa magungunan da aka yi don kai wa tushen cutar hari suka yi ta faɗuwa? Babban dalili shi ne lokaci. A 2012 aka fitar da sakamakon bibiyar iyalai masu gadon cutar, waɗanda ake iya ƙiyasta shekarar da za su fara mantuwa. Aka ga amiloyid na fara sauyawa a ruwan laka kimanin shekara 25 kafin alamar farko, kuma ana ganin tabon a hoto shekara 15 kafin nan. Ƙwaƙwalwa tana da haƙuri, takan yi ta neman wata hanya idan ɗaya ta toshe, har sai dabara ta ƙare mata. Haka yake a Parkinson: ranar da hannu ya fara karkarwa, kusan rabin waɗancan baƙaƙen ƙwayoyi ko fiye sun riga sun tafi. Ke nan shekara da shekaru muna ba mutane magani bayan ɓarna ta yi nisa, ihu bayan hari. Ranar da Mama ta fara manta makulli, cutar ta daɗe da girma.

Akwai kuma katangar da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, wadda ke kare ta daga guba amma take hana magani shiga. Manyan magunguna irin na garkuwar jiki, kusan ɗaya cikin dubu ne ke tsallakewa. Ɓerayen gwaji su ma sun yaudare mu, don ɓera ba ya yin Alzheimer da kansa, mu ke cusa masa ƙwayar gadon mutum, kuma shekara biyu zuwa uku yake rayuwa. Sannan a da babu hanyar tabbatar da cutar sai bayan mutuwa, har a wani babban gwaji aka gano daga baya cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mahalarta ba su da amiloyid ɗin da ake ƙoƙarin cirewa. Wasu magungunan ma cutarwa suka yi. Rigakafin farko da aka gwada an dakatar da shi a 2002 saboda kimanin kashi 6 cikin ɗari sun samu kumburin ƙwaƙwalwa. Wani da aka yi don toshe almakashi na biyu aka tsayar da shi a 2010, don masu shan sa sun fi saurin lalacewa. Ashe almakashin yana da wasu ayyukan da jiki ba ya iya yi sai da su. Mu ma masu bincike muna da namu laifin. An daɗe ana zuba kuɗi a kan amiloyid shi kaɗai ana ƙyale masu wasu ra'ayoyin, kuma wata fitacciyar takarda ta 2006 sai da aka janye ta a 2024 saboda an taɓa hotunanta. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai, ko da yake hujjar ƙwayoyin gado da na ba ki ba a kanta ta dogara ba.

Allurar da kika ji gaskiya ce, kuma biyu ne: lekanemab, da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi cikakkiyar amincewa a Yulin 2023, da donanemab a Yulin 2024. Sinadaran garkuwa ne da aka ƙera su manne wa amiloyid, su nuna wa masu sharar ƙwaƙwalwa shi su kwashe. Kuma suna kwashewa sosai, har hoton wasu ya koma kamar na mai lafiya. An gwada lekanemab a kan mutum 1,795 na tsawon wata 18. Waɗanda suka samu maganin sun ci gaba da lalacewa, sai dai saurin ya ragu da kashi 27 cikin ɗari. A ma'aunin da ke da maki 18, bambancin bai kai rabin maki ba, wato kamar an jinkirta cutar da kimanin wata biyar. A gwajin, ta jijiyar jini aka riƙa ƙara shi duk mako biyu, kuma dole a riƙa ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa na MRI, domin kusan 13 cikin 100 suna samun kumburi a ƙwaƙwalwa, a gwajin donanemab kuwa kusan 24. Yawanci kumburin ba ya nuna alama kuma yana wucewa, amma an rasa rayuka kaɗan. Haɗarin ya fi yawa ga masu kwafi biyu na wani nau'in ƙwayar gadon APOE da ake kira APOE4, da masu shan maganin tsinka jini. A Ingila an ba lekanemab lasisi, amma hukumar da ke tantance abin da gwamnati za ta biya ta ce amfaninsa bai kai tsadarsa ba.

Ra'ayina shi ne, a fagen ilimi babbar nasara ce, don karon farko ke nan da aka taɓa tushen cutar aka ga tafiyarta ta sauya. A gadon marar lafiya kuwa amfanin kaɗan ne. Kuma zan gaya miki abin da na san ba za ki so ji ba: a farkon cutar kawai aka gwada su, lokacin da mutum ke iya yawancin harkokinsa. Wadda ta kai ga rashin gane jikarta da wuya ta shiga wannan sahu. Likitan da ya duba ta shi ke da hukunci, amma kada wani ya sa ku sayar da abin hannunku ko ku yi ta zargin kanku a kan allurar da ba ta dawo da abin da ya tafi.

Inda nake sa rai shi ne inda aka san takamaiman mai laifi kuma aka isa da wuri. Akwai wata cutar jarirai ta gado da ke kashe jijiyoyin motsi, mai tsananinta ba kasafai ke kai shekara biyu ba. A 2016 aka fito da nusinasen, ɗan guntun sinadarin gado da ake zubawa a ruwan laka ya gyara yadda ƙwaya ke karanta saƙonta. Jariran da aka fara ba su kafin alama ta bayyana, yawancinsu sun zauna, sun yi tafiya. Da irin wannan dabara aka yi tofasen a 2023, don kusan kashi 2 cikin ɗari na masu cutar ALS, wata mai kashe jijiyoyin motsi, da ke da canji a ƙwayar gadon SOD1. Ba kullum take ci ba: a cutar Huntington, wata cutar ƙwaƙwalwa ta gado wadda aka san ƙwayar gadonta tun 1993, an dakatar da babban gwajin irin wannan magani a 2021. A Alzheimer ma gwaji biyu na farko a kan mutanen da ba su fara mantuwa ba, har da na dangin Kolombiya, ba su yi nasara ba, sai dai magungunan da aka yi amfani da su ba sa kwashe tabon sosai. Shi ya sa aka sake ɗaura irin wannan gwaji da sababbin. Abin da zai sauƙaƙa wannan aiki shi ne gwajin jini da ke auna wani nau'in tau, wanda Amurka ta amince da na farkonsa a 2025. Ana kuma gwada magungunan rage tau kansa, da dabarar ɗora magani a kan hanyar da sinadarin ƙarfe ke bi ya tsallake katangar nan.

Saura batun gado, wanda na san shi ke hana ki barci. Irin gadon dangin Kolombiya, inda kowane ɗa ke da rabin yiwuwar ɗauka, bai kai kashi 1 cikin ɗari na masu cutar ba. Alamarsa ita ce mutane da dama a zuriya ɗaya, iyaye da kakanni, suna kamuwa suna 'yan shekara 40 ko 50. Wadda ta fara a wajen 67 ba wannan tsari ba ne. Kasancewar mahaifiyarki na da ita ya ɗan ɗaga haɗarinki, amma 'ya'yan masu cutar da yawa ba sa yin ta. APOE4, da aka gano alaƙarta da cutar a 1993, tana ninka haɗari kamar sau uku ga mai kwafi ɗaya, fiye da haka sosai ga mai biyu. Waɗannan alƙaluma daga Turawa aka fi samo su, kuma an ga tasirinta ya fi rauni a mutanen da asalinsu Afirka. Ba na ba mai lafiya shawarar ya je ya auna ta haka kawai, don sakamakon ba zai canza abin da ya kamata ya yi ba.

Abin da ya kamata ɗin kuwa sananne ne. Ƙwaƙwalen tsofaffi masu mantuwa, idan muka duba, ba kasafai ake samun cuta ɗaya tak ba. Sau da yawa ga amiloyid da tau, ga kuma ƙananan hanyoyin jini da suka toshe, kowanne na ƙara wa ɗan'uwansa nauyi. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya ƙiyasta a 2024 cewa abubuwa 14 da ake iya gyarawa suna da hannu a kusan kashi 45 cikin ɗari na cutar mantuwa a duniya. Daga ciki akwai hawan jini, ciwon sukari, yawan kitse a jini, shan taba, rashin motsa jiki, raunin ji da na gani da ba a kula da su ba, buguwa a kai, da kaɗaici. A wani gwaji da aka fitar a 2019, waɗanda aka matsa wajen sauko da hawan jininsu sun samu raguwar fara mantuwa da kusan kashi 19 cikin ɗari. Tunda cutar shekara ashirin take yi tana shiri, shekarunki na yanzu su ne lokacin. Ki san lambar hawan jininki da ta sukarinki, in an ba ki magani ki riƙe shi.

Ita ma Mama a duba mata ji da gani, don wanda ba ya ji sosai ruɗewarsa ninkuwa take. Idan kuka ga ta rikice farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, kada ku ce cutar ce ta ci gaba, Alzheimer ba ta gudu haka. Sau da yawa ciwon mafitsara ne, ko zazzaɓi, ko ƙarancin ruwa a jiki, ko wani sabon magani, kuma ana gyara su. In ta sake tambayar jikarta 'yar wane ce, kada a ce mata "ba yanzu aka gaya miki ba?" A amsa mata kamar yau ta fara tambaya, a sa yarinyar ta zauna kusa da ita. An gwada an gani cewa masu wannan cuta kan manta abin da ya faru cikin 'yan mintuna, amma daɗi ko ɓacin ran da ya bar musu yakan daɗe bayan haka. Ki bayyana wa yarinyar wannan ita ma daidai fahimtarta, don kada ta ɗauka kakarta ta daina son ta.